Silon mota na hawa da safe: yadda za ka gane lafiya ce ko ciwo, mataki-mataki

Duk shekara da zarar hunturu ya kankama, wajen Disamba zuwa Janairu, sai ka ji masu mota sun fara ƙorafi iri ɗaya, wai na tayar da mota da asuba sai ta kama ihu kamar an danne totur, allurar silo, mai nuna yawan juyin inji a minti, ta tafi 1500 ko ma ta wuce, maƙwabta har suna leƙowa. Toh daga nan sai mutum ya garzaya gareji, a ɗauko sukudireba a fara murɗe-murɗe, motar da lafiyarta ƙalau a dawo da ita gida tana mutuwa a kowace danja. Wannan abin yana ci min rai wallahi, domin mafi yawan lokaci hawan silo da safe ba ciwo ba ne, haka aka ƙera motar ta yi. Ciwon shi ne idan inji ya yi zafi amma silon ya ƙi saukowa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan bambancin ya tsaya.

Bari mu fara da dalilin da ya sa take yin haka, don idan ka fahimci wannan babu mai yi maka wayo a gareji. Fetur ba ya kamawa da kyau sai ya zama tururi ya gauraya da iska, toh a inji mai sanyi wani kaso na man maimakon ya zama tururi sai ya manne a jikin bangon manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, da silinda kamar raɓa, shi ya sa birenbos, wato kwamfutar motar, ke ƙara mai kuma ya ƙara iska don kada motar ta mutu. Na biyu, baƙin mai da ya kwana ya yi kauri, inji na jan kansa da ƙyar, dole a ɗan ƙara masa ƙarfi. Na uku kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba, wancan abin da ke cikin salansa da makanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi, ba ya fara aiki sai ya kai zafin wajen digiri 250 zuwa 300, ita ma sansar oksijin sai ta yi zafi take fara ba da labari, don haka da gangan kamfani ya tsara birenbos ya ɗaga silo a mintunan farko don salansar ta yi zafi da wuri. Motocin nan da muke sayowa ta Kwatano an tsara su ne da dokokin hayaƙi na Turai da Amurka, ba su san sun zo Kano ba, abin da aka rubuta musu shi suke bi.

Mataki na farko, kada ka taɓa komai, kallo kawai

Ka bar motar ta kwana. Da safe kafin ka murɗa makulli ka kashe esi, ka kashe fitila da rediyo da fankar ciki, giya na P ko firi, ƙafarka kuma nesa da totur. Tayar da ita ka sa ido a kan agogon silo, ka duba agogon wayarka ma. Abin da mota mai lafiya ke yi shi ne ta yi tsalle zuwa 1200 ko 1500, wasu kan ɗan haura haka na 'yan daƙiƙu musamman ranar da sanyi ya yi tsanani irin na Jos ko Funtuwa, sannan ta fara saukowa a hankali a hankali, cikin minti ɗaya ko biyu ka ganta wajen 1000, in allurar zafi ta kai wurin zamanta kuma silon ya kwanta tsakanin 600 da 850 gwargwadon irin motar. Wasu motocin ainihin lambar tana rubuce a wata takarda da ke manne a cikin bonet, ka duba taka.

Sai ka fita da ita ka yi tafiyar minti 15, ka tsaya, ka saka firi, ka sake kallon allurar. In ta kwanta ƙasa da 900 kuma ba ta rawa, toh ɗan'uwa motarka lafiya lau, rufe wannan maganar ka ci gaba da harkarka. Wanda zai ci gaba da karatu shi ne wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: silon ya wuce 2000 da safe ya zauna a can, ko inji ya yi zafi amma har yanzu tana 1100 ko 1200, ko allurar na hawa da sauka kamar numfashi, ko kuma in ka saka D sai ta yi gab da ƙarfi tana son ƙwacewa daga birki.

Ka rubuta abin da ka gani, lamba nawa ta fara, minti nawa ta ɗauka, ina ta tsaya. In da hali ma ka ɗauki bidiyon dashbod ɗin da waya. Dalili kuwa lokacin da za ka isa gareji injin ya riga ya yi zafi, makaniki ba zai ga abin da ka gani da asuba ba, bidiyon shi ne shaidarka.

Mataki na biyu, abubuwan da ba sa cin ko sisi

Leƙa ƙarƙashin ƙafarka tukuna. Kafet ɗin roba da ake ɗorawa a kan na asali yakan zame ya tokare totur, na sha ganin haka. In motarka mai wayar totur ce, buɗe bonet ka taɓa wayar a inda ta haɗu da totur bodi, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, ya kamata ka ji ɗan sassauci kaɗan, in ta miƙe tsaf kamar tsirkiyar baka toh wani ya ɗaure ta da yawa kuma ita ce ke riƙe da murfin iskar a buɗe. Ka sa wani ya taka ya saki kana kallo, ka ga ko tana komawa har ƙarshe da kanta. Sannan ka tuna esi na ɗaga silo kaɗan, murɗa sitiyari har ƙarshe ma haka, batir mai rauni ma yakan sa wasu motoci su ɗaga don caji, wannan duk daidai ne ba matsala ba.

Mataki na uku, tamostat, kuma a nan zan daɗe

A ƙasarmu in ka ce min mota ta yi zafi silo bai sauko ba, kafin in tambayi komai sai na tambayi ko akwai tamostat a cikinta. Al'ada ce ta kama ko'ina, da mota ta sauka sai a ce Alhaji wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne a cire shi, sai a cire a jefar, sannan mai wayarin ya haɗa fanka darek ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 sannan ya buɗe ya tura shi lagireto, inji kuma an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95. Zafin Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu digiri 40 da wani abu ne, kaga kenan har a can injin na buƙatar ya ninka zafin gari, ba wai garin ne ya fi ƙarfinsa ba. In aka cire tamostat ruwa na zagaye lagireto tun daga daƙiƙar farko, fanka kuma na hura shi, toh da hunturu injin ba zai taɓa kai zafinsa ba, birenbos kuma abin da sansa ta gaya masa yake bi, yana ganin har yanzu safiya ce, sai ya ci gaba da riƙe silo a sama yana zuba mai.

Abin ya faru da ni a kan Corolla ta. Da bazara ta ɗan yi zafi a go-sulo, na kai ta wani gareji, maigidan wurin ya ce Malam ai maganin abu ne mai sauƙi, ya cire tamostat ya ba ni a leda, ashe ainihin ciwon lagireto ne da ya toshe da laka. Ban ga komai ba sai da Disamba ta zo. Na taso daga Kano da sassafe zan je Zariya, ina kallon allurar zafi maimakon ta hau sai ƙara sauka take yi ina gudu, har na wuce Kwanar Dangora tana kwance kusa da C, na kunna hita iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi kawai, da na tsaya shan mai silon na 1100 bayan tafiyar fiye da awa ɗaya. Da muka saka sikana, na'urar da ke karanta bayanan birenbos, ruwan injin digiri 61 yake nunawa. Na ciro fulogi ɗaya, bakinsa baƙi ƙirin da tokar mai, in ka shafa da yatsa sai ta kama hannu kamar gindin tukunya. Aka wanke lagireto, aka mayar da sabon tamostat mai digiri 82, aka mayar da fanka kan layinta na asali, washegari silon ya fara a 1400 ya sauko 700 kafin in fita daga unguwa, shan man ma ya ragu har na ji a aljihuna.

Yadda za ka gwada da kanka ba tare da kwance komai ba: da safe ka tayar da mota, ka kama babban tiyon sama da ke tafiya lagireto, ka kula da fanka da bel kada su kama hannunka ko rigarka. In akwai tamostat mai lafiya tiyon zai zauna da sanyi na mintuna, sannan lokaci guda ya ɗauki zafi sosai. In kuwa tun minti na biyu ya fara ɗumi a hankali a hankali, toh ko babu tamostat ko ya maƙale a buɗe. A wasu injinan tamostat ɗin na wajen tiyon ƙasa ne, sai ka taɓa duka biyun, wanda ke maƙale da gidan tamostat shi za ka fi lura da shi. Alama ta biyu ita ce wadda na faɗa, allurar zafi na sauka a babban titi tana hawa a go-sulo. Sikana kuma takan nuna P0128. In za ka saya ka nemi na asali ko da na Beljiyam ne mai kyau a Kofar Ruwa ko Panteka, lambar digirin na rubuce a jikinsa, kuma kafin a ɗaura ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce.

Mataki na huɗu, ruwan lagireto da iskar da ke maƙalewa a ciki

Wannan sai inji ya huce sarai, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan na fesowa ne ya ƙona fuska. Buɗe ka ga ko ruwa ya cika har wuya. In ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale, sansar zafi takan zauna a cikin iska maimakon ruwa, tana ba da labarin ƙarya, silo ya yi ta hawa da sauka. Masu Honda su suka fi sanin wannan, musamman tsofaffin irin su Hala da Bulldog, domin suna da wani bawul a wajen totur bodi mai wani irin kaki a ciki wanda ruwan zafi ke narkarwa ya rufe hanyar iska, toh in ruwan bai kai wurinsa ba zai zauna a buɗe har abada. Duba ƙananan tiyo guda biyu da ke shiga totur bodi, da yawa za ka tarar an yanke su an toshe da kusa ko ƙaramin bolt, ko kuma tsatsar ruwan rijiya ta cushe su. A mayar da su, a zuba ruwan lagireto na gaskiya mai kala, a bar murfi a buɗe mota na silo da hita a kunne har kumfa ta daina fitowa kuma fanka ta tashi, ana ƙara ruwa in ya sauka.

Mataki na biyar, sikana

Duk motar Amurka daga 1996 da motar fetur ta Turai daga 2001 tana da soket ɗin OBD2 mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake kira ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, da manhaja irin Torque, ba shi da tsada, kuma a ganina duk mai mota ya kamata ya ajiye ɗaya a dashbod. In ba ka da shi ka je wurin masu sikanin amma ka ce a nuna maka bayanan da ke gudana kai tsaye, ba a karanta kod a goge a karɓi kuɗi kawai ba.

Gwajin da na fi so shi ne wannan, kuma sai motar ta kwana. Murɗa makulli dashbod ya kawo wuta amma kada ka tayar, ka duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji. Tunda motar ta kwana, duka biyun ya kamata su zo kusan ɗaya da zafin gari, bambancin bai wuce digiri 2 ko 3 ba. In gari na 16 sansar iska ta ce 17 amma ta ruwa ta ce 2, ka kama ɓarawon, tana gaya wa birenbos ana sanyin da ba a yi. In kuma ka ga -40 toh layin a yanke yake ko an zare soket ɗin, kuma wannan ma aikin wasu masu wayarin ne, suna zare sansar da gangan don fanka ta riƙa juyawa kullum. Kod ɗinta daga P0115 zuwa P0119 ne. Wanda ba shi da sikana mitar awon wuta ta masu wayarin ma ta isa: irin sansar Toyota da Honda takan ba da om 2000 zuwa 3000 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. Ka lura tsofaffin motoci na da sansa biyu, mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce, mai waya biyu ita ce ta birenbos, don haka allura na iya nuna daidai alhali birenbos na jin wani abu daban.

Sauran kod ɗin da ke da alaƙa da maganarmu su ne P0507 wato silo ya fi yadda birenbos ke so, P0505 matsalar tsarin silo, sai P0171 wato iska ta yi wa mai yawa. Shi P0507 yana da amfani ƙwarai, ma'anarsa birenbos na ƙoƙarin sauke silon ya kasa, kenan iska na shigowa ta wata hanyar da ba shi ke riƙe da ita ba. Wannan ya kai mu mataki na gaba.

Mataki na shida, iskar sata

Inji ba ya iya gudu sai da iska, duk silon da ya hau akwai iskar da ta shiga, tambayar kawai ta ina. Zafin ƙasarmu na busar da roba, tiyo ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Mota na silo ka kasa kunne ko za ka ji tsiii kamar taya na sacewa. Bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu kana lanƙwasa su: babban roban da ya taso daga iyakilina zuwa totur bodi musamman cikin lanƙwasarsa, tiyon PCV da ke fitowa daga murfin saman inji, babban tiyon da ke tafiya sabon birki (sabo, wato tulun da ke sauƙaƙa taka birki), da ƙaramin da ke zuwa bawul ɗin tururin tanki. In ka matse wani da filaya a hankali silon ya faɗo, matsalar na kan wannan layin. Shi sabon birki gwajinsa daban, a kashe mota a taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, a riƙe, a tayar, ya kamata feda ta ɗan nutse, in kuma duk lokacin da ka taka birki silo na canzawa sosai ko kana jin huci a ƙarƙashin ƙafa, robar cikinsa ta fashe.

Akwai kuma gaskit ɗin manifol. Injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008 ya yi suna a nan, robar gaskit ɗin kan ƙanƙance da sanyi ta saci iska da safe, in inji ya yi zafi ta kumbura ta rufe, shi ya sa matsalar ke zuwa da hunturu ta ɓace da rana. Makanikai kan fesa abin wanke kafireto a gefen gaskit, in silo ya canza an samu wurin. Yana aiki, amma abin nan na kama wuta, a yi shi inji da sanyi, kaɗan kaɗan, nesa da salansa da kwayil, da abin kashe gobara a kusa. Ni na fi son ruwan sabulu a kwalbar feshi, in ya toshe ramin na ɗan lokaci za ka ji muryar injin ta canza. A sikana kuma ka kalli lambar gyaran mai ta LTFT, in ta haura +10 a silo amma ta sauko in ka riƙe totur a 2500, kusan tabbas iskar sata ce.

Mataki na bakwai, totur bodi da bawul ɗin silo

Da gangan na bar wannan a baya duk da shi ake fara yi a gareji. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai na haɗuwa su yi baƙin danƙo a bakin murfin iskar. Motoci masu wayar totur suna da bawul ɗin silo a gefe, IAC, shi ne ke buɗe wata ƙaramar hanya da safe ya rufe ta in an yi zafi, in danƙo ya kama shi a buɗe silo ba zai sauko ba. A kwance shi, a wanke hanyar da bakin bawul ɗin da abin feshi da tsohon buroshin haƙori, kada a jiƙa ɓangaren wutar, a sa sabon gaskit in tsohon ya yage.

Motoci masu totur na lantarki, waɗanda ba su da waya sai soket, babu IAC a jikinsu, murfin da kansa ke yin aikin. Nan a yi hattara, a zare makulli kafin a sa yatsa ciki don ɗan injin lantarkin da ke juya murfin na da ƙarfin da za ta datse yatsa, kuma kada a banƙare shi da ƙarfi. Sannan ga abin da ke rikita mutane: bayan an wanke sai silo ya ƙara hawa fiye da da. Dalili, shekara da shekaru birenbos ya saba buɗe murfin da yawa don ya rama danƙon, yanzu danƙo ya tafi shi kuma bai sani ba. Sai an sake koya masa. A Honda ana barin inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a kashe duk kayan wuta, a bar ta tana silo minti 5 ba a taɓa totur ba, ba a lissafa lokacin da fanka ke juyawa. Toyota yawanci tana koya da kanta bayan ɗan silo da tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Nissan ce mai taurin kai, sau da yawa sai an yi mata da sikana, don haka mai Nissan kada ya bari a wanke sai a wurin da ke da na'urar.

Akwai wani ɗan ƙaramin sukuru a jikin totur bodi wanda murfin ke tokara da shi, galibi da ɗigon fenti a kansa. Ba na saita silo ba ne, kamfani ne ya saita shi. In ka ga an nufe shi da sukudireba ka ce Oga don Allah a bar wannan tukuna mu gama duba sauran. In aka murɗa shi sansar totur ta daina ganin a rufe yake, daga nan giya atomatik ma ta fara canzawa ba daidai ba, kuma mayar da shi daidai wahala ne. In motarka na da sansar MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, a bayan iyakilina, ita ma ƙura na kama siririyar wayarta, amma da abin feshinta na musamman ake wanke ta, ba fetur ba, ba a kuma taɓa ta da hannu.

Masu kafireto

Har yanzu akwai Peugeot 504 da 505 irin haɗin Kaduna da tsofaffin akori-kura a hanya, su nasu cok ne, wato faifan da ke rage iska don mai ya yi yawa da sanyi. In na hannu ne ka tabbata ka mayar da shi ciki gaba ɗaya kuma wayar ba ta maƙale ba. In na atomatik ne, bayan minti biyu ka ɗan taɓa totur sau ɗaya silon ya faɗo. Inji na da zafi ka cire murfin iyakilina ka leƙa, faifan cok ya kamata ya tsaya a miƙe a buɗe sarai, in ya karkata toh ko ruwan zafi ko wutar da ke buɗe shi ba ta zuwa. Su kam akwai sukurun silo na gaskiya, amma sai inji ya yi zafi cok ya buɗe ake saita shi.

Sai maganar ɗumama mota, tunda ita ma kullum ana tambaya. Motar injekta ba ta buƙatar ka bar ta minti 15 tana ihu a ƙofar gida, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ma wa ke da man ƙonawa a banza, ƙaramin inji na shan abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya a awa yana tsaye. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, silon ya ɗan sassauto, ka danne birki da kyau ka saka giya ka tafi a hankali ba tare da wuce 2500 ba har allurar zafi ta motsa, a tafiya inji ya fi saurin ɗaukar zafi. Bubbuga totur da safe da sunan a buɗe mata murya ba ya ƙara komai sai cin ƙarfe. Kuma don Allah kada a tayar da mota a rufaffen gareji ko zauren da ke haɗe da ɗakin yara, hayaƙin salansa na kisa kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Duk abin da aka gyara, a canza abu ɗaya a lokaci guda, kada a haɗa tamostat da sansa da wankin totur rana ɗaya in ba dole ba, don ka san wanne ne ya yi maganin. Sannan kada ka yanke hukunci a gareji inji na da zafi. Kai ta gida ta kwana, gobe da asuba ka sake yin matakin farko da agogo a hannu, ka gwada lambobin da waɗanda ka rubuta ranar farko. In ta fara wajen 1300 ko 1400, ta sauko 1000 cikin minti biyu, ta kwanta 700 ko 750 bayan tafiya, aikin ya yi. In har yanzu tana sama da 1000 da zafi kuma sikana na nuna ruwa ya kai 85, koma mataki na shida, akwai ramin iskar da ba a gano ba, sai ka nemi garejin da ke da injin hura hayaƙi cikin manifol, inda hayaƙin ya ɓullo nan ne wurin.